Tambaya da Amsa: Ina Ake Samun Natsuwar da Ba Ta Bin Kasuwa?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka daga Legas suka zo, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina sana'ar kayan gwari, musamman tumatir da tattasai da attaruhu da ake yo mana lodinsu daga Arewa, iyalina kuma suna gida a jihar Kano. Abin da yake damuna shi ne zuciyata ta koma bin kasuwa duk inda ta nufa. Ranar da mota ta iso da wuri, kaya suka sauka lafiya, aka saya da daraja, sai in ji kamar ba ni da sauran matsala a duniya, in yi ta kyauta, in ɗauki alkawuran da daga baya suke yi mini nauyi. Ranar kuwa da mota ta lalace a hanya, aka buɗe kwanduna aka tarar rabin tumatirin ya narke, to ko gaisuwa ba na son amsawa, abinci ba ya ciyuwa, kuma idan maiɗakina ta kira ni da dare a kan kuɗin cefane sai in huce a kanta, gari ya waye ina jin kunyar abin da na faɗa. Ina salla a kan lokaci, ina zikirin safe da yamma, ina kuma jin sanyi a raina muddin ina cikin masallaci, amma da na sa takalmi na fito sai damuwar ta dawo. Shin imanina ne yake da rauni? Kuma akwai hanyar da mutum zai samu kwanciyar hankali mai ɗorewa, wadda ba ta zuwa yau ta tafi gobe?
Daga mai kayan gwari, Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da maganar imani, domin na lura ita ce ta fi ci maka rai, kuma amsarta tana cikin wani hadisi da Imam Muslim ya ruwaito. Sahabi Hanzala, wanda yana cikin marubutan Manzon Allah (SAW), ya haɗu da Sayyidina Abubakar wata rana ya ce masa shi kam ya munafurta, saboda idan suna gaban Annabi ana tuna musu wuta da aljanna sai su ji kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin mata da 'ya'ya da hidimar neman abinci sai su manta da abubuwa da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana samun haka. Da suka kai maganar gaban Annabi, sai ya shaida musu cewa da za su dawwama a kan halin da suke kasancewa a wurinsa, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan shimfiɗunsu da kan hanyoyinsu, sannan ya ce wa Hanzala har sau uku, ai sa'a da sa'a ne. Idan har Abubakar yana jin bambanci tsakanin majalisin Annabi da cikin gidansa, babu dalilin da zai sa ka tuhumi imaninka don ka ji bambanci tsakanin sahun masallaci da bakin tirela a Mile 12.

Mutane da yawa suna wahalar da kansu wajen neman wata irin natsuwa da ba a halicci ɗan Adam da ita ba, wato zuciyar da asara ba ta yi mata zafi, samu kuma ba ya motsa ta. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, kuma shi ɗin ne dai ya ce sai haƙuri mai kyau. Manzon Allah ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Ka dubi inda aka sa iyaka a wannan hadisi na Bukhari: an bar wa ido hawayensa, an bar wa zuciya ɗacinta, harshe aka tsare. A fahimtata, abin da yake iya ɗorewa ke nan, wato mutum ya ji abin da zai ji, amma maganarsa da shawararsa da hakkin da yake kansa su tsaya yau a inda suke jiya. Tumatirin da ya narke tsakanin Mokwa da Jebba ya isa ya ɓata maka rai, kuma ba ka yi laifi ba don ranka ya ɓaci. Abin da bai kamata a ba shi ikonsa ba shi ne sauya yadda kake magana da uwar 'ya'yanka.

Akwai wani abu a wasiƙarka da nake so ka sake dubawa. Ka ɗauki ranar asara ita ce ranar ciwo, ranar riba kuma ita ce ranar lafiya, alhali ni ciwo ɗaya nake gani a ranakun biyu. Aya ta 23 ta Suratul Hadid ta haɗa su wuri guda, inda bayan an faɗi cewa kowace masifa a rubuce take tun kafin ta auku, aka ce domin kada ku yi baƙin ciki a kan abin da ya kuɓuce muku, kuma kada ku yi fahariya da abin da Ya ba ku. Alkawarin da ka ɗauka ranar Talata kana cikin zumuɗin ciniki shi ne bashin da zai hana ka barci ranar Juma'a idan kaya suka lalace. Saboda haka gyaran zai fi maka sauƙi idan ka fara shi daga ranar daɗi, lokacin da hankalinka yake hannunka: duk wanda ya zo da buƙata mai nauyi a irin wannan rana, ka ce masa sai gobe in Allah Ya kai mu, idan gari ya waye kana nan a kan niyyarka sai ka yi, ladanka kuwa ba zai ragu ba don ka kwana a kan shawara.

Sana'arka kuma tana cikin waɗanda suka fi kowace hawa da sauka, ya kamata ka yi wa kanka wannan adalci. Kaya ne da ba sa jira, ana ɗauko su daga nisan kimanin kilomita 1,000 a cikin kwandunan da aka jibga wani kan wani, a kan hanyar da faɗuwar tanka ɗaya take iya toshewa yini guda. Idan tumatirin noman rani na Kadawa da Danja ya fito kaya sukan yi yawa farashi ya karye, damina na kamawa kuma su yi wuya. Ba ka manta da 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, kuma ka fi ni sanin yadda kuɗin sufuri ya tashi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake hannunka. Abin da yake hannunka shi ne ka raba aljihunka da jarinka, ka yanka wa kanka albashi na mako, ka tsayar da abin da kake tura wa gida a kan adadi ɗaya da rana ɗaya ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, rarar ranakun riba kuma ta shiga wani asusu ko adashe da ba ka taɓawa sai ranar asara. Ka riƙa rubuta cinikinka, amma kada ka yanke hukunci a kan lissafin rana ɗaya, ka bari sai ƙarshen wata. Wasu za su ce me ya haɗa littafin lissafi da natsuwar zuciya, to ni dai na sha ganin mutanen da suke neman addu'ar yaye damuwa alhali rabin damuwar tasu rashin tsarin kuɗi ne, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito na a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali bai ware 'yan gwari ba.

Sai kuma sa'ar farko bayan mummunan labari, wadda a cikinta ake yin yawancin ɓarna. Lokacin da direba ya kira ya ce injin ya buga, wasu ƙananan sassa da suke saman ƙoda suna sakin sinadaran da suke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, jiki ya ɗaure kamar mai shirin faɗa. Wannan hali yana lafawa da kansa idan ba a yi ta hura shi da maimaita labarin da zagin direba ba. A cikin wannan sa'a kada ka kira gida, kada ka sallami yaro, kada ka karya farashi don haushi. Ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka zauna idan a tsaye kake kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawud, ka riƙa jan numfashi a hankali kana fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja, domin hakan yana rage gudun bugun zuciya. Maiɗakinka kuwa ka ba ta haƙuri a kan abin da ya wuce, sannan ku yi yarjejeniya cewa ranar da ka aika mata saƙo ka ce yau kasuwa ba ta yi ba, za a bar maganar cefane zuwa safiya. Mace tana can tana riƙe maka gida da yara, bai dace a ce muryarka ta dare ita ce take gaya mata farashin tumatir a Legas ba.

Zikirinka ka riƙe shi da kyau, kuma kada ka auna amfaninsa da abin da ka ji a take. Aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta ce da ambaton Allah zukata suke natsuwa, a Suratul Ma'arij kuma, bayan an siffanta mutum da raki idan sharri ya shafe shi da rowa idan alheri ya same shi, waɗanda aka fara cirewa su ne masu dawwama a kan sallarsu. Idan ka zo kwanciya, kafin ka ƙirga kwanduna ka ƙirga abubuwa ukun da hadisin Tirmizi ya ambata, wato aminci a cikin iyali da lafiyar jiki da abincin yini. Ka kuma je a auna maka jini, domin hawan jini ya yi yawa a tsakanin 'yan kasuwa kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Idan kuwa ka lura ranakun zumuɗin nan suna zuwa ko ba a yi ciniki ba, kana kwanaki a jere ba ka barci kuma ba ka jin gajiya, kana magana ba tsayawa, kana kashe kuɗi ba lissafi, daga baya ka faɗa cikin ƙunci na makonni, to wannan ya wuce halin kasuwa, ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani kuma suke da maganinsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. An kawo ni aure Agege daga jihar Katsina, yanzu watana huɗu da haihuwar fari. Ban samu zuwa wankan gida ba saboda tsadar hanya, mahaifiyata ma ba ta samu zuwa ba. Maigidana mutumin kirki ne, amma yana fita tun asuba don gudun cunkoso, ba ya dawowa sai bayan isha. Tun da na haihu nake kuka ba tare da wani ya yi mini komai ba, ko jaririyar ta yi barci ni ba na iyawa, ba na jin daɗin komai, wani lokaci har in ji kamar ban cancanci zama uwa ba. Maƙwabciyata ta ce iska ce, wata kuma ta ce rashin godiyar Allah ne tunda an ba ni haihuwa lafiya. An yi mini ruƙiyya, amma ina nan yadda nake. Ina zan samu natsuwa?
Daga maijego, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, maijego, barka da arziki, Allah Ya raya mana. Amsar da na ba ɗan'uwanmu na Mile 12 ba ita ce taki ba, kuma ina roƙon kada ki ɗauke ta ki ƙara wa kanki nauyi. Shi damuwarsa tana da sanadi, tana zuwa da mota tana tafiya da mota. Ke kuwa abin da kika lissafa, wato kuka ba dalili da rashin barci da rashin jin daɗin komai da ganin kai ba a bakin komai ba, har tsawon watanni, ya yi daidai da alamomin ciwon damuwa na bayan haihuwa, kodayake likitan da ya gan ki shi ne zai tabbatar. Mata da yawa sukan yi 'yan kwanaki suna saurin kuka bayan sun sauka, saboda sauyin sinadaran jiki, kuma wannan yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar irin wannan matsala, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin yana kusan kashi 20, saboda haka a duk layin rigakafin da kika tsaya akwai masu irin halinki, sai dai kowa ta yi shiru.

Maganar rashin godiya kuwa ki bar ta inda kika ji ta. Tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai ya hana shi walwala, ya kuma danganta na biyun da yanayin jiki, ya ce yana buƙatar magani. A Bukhari ma an ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu na garin sha'ir, tana cewa ta ji Annabi ya ce yana sanyaya zuciyar mara lafiya kuma yana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Addininmu bai taɓa raba zuciya da gangar jiki ba. Ki ci gaba da addu'a da karatun Alƙur'ani, ki kuma nemi magani, kamar yadda mai ciwon suga yake addu'a yana shan maganinsa ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Ki fara da asibitin da kike kai jaririyar rigakafi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da kika faɗa mini ba tare da kin rage komai ba, ki nemi a haɗa ki da likita. Zai yiwu a duba ko kina da ƙarancin jini, a kuma duba aikin ƙullin nan na wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, domin matsalarsa takan biyo bayan haihuwa ta kawo kasala da ƙunci. Idan ana buƙatar ƙwararre, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jiha da yake Ikeja, wanda ya fi kusa da ku, da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da yake Yaba tun 1907. Na san sunan Yaba yana firgita mutane, amma mafi yawan masu irin wannan ciwo ba a kwantar da su, ganin likita suke yi su koma gida, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da hakkin mara lafiya. Maganin yakan kasance tattaunawa da ƙwararre, ko ƙwaya, ko duka biyun. Ki gaya wa likita kina shayarwa domin ya zaɓi wanda ya dace, kuma ki sani ƙwayar takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinta sosai, kada ki ajiye ta don kwana uku sun wuce ba ki ji sauyi ba. Idan wani tunani ya zo miki na cutar da kanki ko jaririyar, kada ki jira gari ya waye, ki faɗa wa maigida ko maƙwabta a take, a kai ki asibiti ko a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767.

Ina kuma so ki miƙa wa maigida wannan shafi ya karanta. Malam, a gida ana kewaye maijego da uwa da gwaggo da inna har kwana arba'in, ana dama mata kunun kanwa, ana karɓar mata jariri ta runtsa, kuma iyayenmu ba don ado suka tsara haka ba. Matarka ta rasa wannan gata duka a ɗaki ɗaya a Agege. Idan kawo mahaifiyarta ko ƙanwarta na wata ɗaya zai yiwu, ka ɗauke shi a matsayin kuɗin magani. Idan ba zai yiwu ba, ka nemi wata dattijuwa amintacciya a cikin matan unguwa ta riƙa leƙa ta, ka karɓi jaririyar na wasu sa'o'i da dare domin ta samu barci mai tsawo, kuma ranar zuwa asibiti ka ajiye aiki ka raka ta.

TAMBAYA: Baba Malam, ni matashi ne, da ina acaba, bayan an hana sai na koma aikin gadi a wani gida a Lekki. Dare nake kwana ido biyu ina kallon waya, ina ganin sa'o'ina a TikTok da motoci da gidaje, sai in ji zuciyata ta yi baƙi. Wani abokina ya ce in riƙa shan tiramadol, wai tana ɗauke tunani. Mene ne shawararka?
Daga mai gadi, Lekki.

AMSA: Ɗana, kada ka sha. Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, jiki yana saurin sabawa da ita har ƙwaya ɗaya ta daina isa, kuma yawanta yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Irin wannan hanya ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, bayan an ga abin da ya yi wa matasanmu. Idan abokin naka ya riga ya saba sha kullum, kada ya yanke ta lokaci ɗaya shi kaɗai, ya je asibiti a rage masa a hankali.

Baƙin cikinka yana da tushe, domin hana acaba da aka yi a ƙananan hukumomi shida na Legas daga 1 ga Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumbar 2022, ya raba dubban matasa da abincinsu, kuma wanda ya saba yawo cikin jama'a aka zaunar da shi bakin ƙofa shi kaɗai dole ya ji kewa. Amma wayar tana ƙara maka ciwo, ga hadisin Muslim ya ce a dubi na ƙasa, kada a dubi na sama, domin kada a raina ni'imar Allah, kai kuwa kana kwana kana duban na sama, waɗanda da yawansu ma motar da suka jingina da ita ba tasu ba ce. Ka mayar da wani ɓangare na daren ga sauraron karatu ko koyon wata sana'a da kake son komawa. Babba yana buƙatar barcin da bai gaza sa'a bakwai ba, kai kuma naka da rana yake, saboda haka ka daina shan shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari da cin goro tun tsakar dare, domin abin da yake cikinsu yana daɗewa a jiki sa'o'i da yawa, ka kuma rufe tagar ɗakinka da zane mai duhu idan za ka kwanta da safe. Ka nemi maigidan ya tsayar maka da ranar hutu ɗaya a mako, ka riƙa shiga mota kana zuwa Obalende ko Idi-Araba ka yi Juma'a cikin 'yan'uwa ku ci abinci tare, sannan ka tsayar da wani abu daga albashinka, komai ƙanƙantarsa, ka riƙa ajiyewa duk wata da sunan jarin sana'ar da ka zaɓa.